Yaranmu da Kwamfuta: Kada Ranar Jarrabawa Ta Zama Ranar Fara Koyo

 

Akwai wata magana da take tasowa duk shekara idan lokacin JAMB ya zo, mu yi ta a majalisa kwana biyu, sakamako ya fito mu yi jimami, sai mu ajiye ta sai baɗi. Maganar ita ce yaranmu suna gama sakandare, da yawansu hannunsu bai taɓa kwamfuta ba, alhali kuwa ƙofar shiga jami'a da kwaleji da foliteknik duk a kan kwamfuta take. Muna so wannan karon mu zauna da maganar sosai, mu duba inda matsalar take da kuma abin da yake hannunmu.

Bari mu fara da abin da ya sauya. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda da fensir gaba ɗaya. Wato an fi shekara goma ke nan kusan babu ɗan Najeriyar da yake rubuta wannan jarrabawa ba tare da ya zauna gaban na'ura ba. WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta, har 'yan majalisar wakilai suka nemi a jinkirta saboda makarantun karkara ba su shirya ba. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, kowa ya ga inda aka dosa. NECO ɗin nan kuwa hedikwatarta a Minna take, a jiharmu. A shekarar 2025 ɗin dai gwamnatin tarayya ta fitar da sabuwar manhajar karatu, ta sanya fasahar zamani cikin darussan babbar sakandare, ta kuma sanya gyaran kwamfuta da waya da haɗa sola cikin sana'o'in da ɗalibi zai iya zaɓa. A takarda komai ya yi kyau. Tambayarmu ita ce: me ya iso ajin da ɗanmu yake zaune?

Ga wanda bai san yadda jarrabawar take ba, ga lissafinta. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, a cikin awa biyu. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Agogo yana tafiya a jikin allon na'urar, ba ya jiran kowa. Yaron da ya saba zai shigar da lambarsa ya fara aiki nan take. Wanda bai saba ba zai ɓata minti biyar ko goma yana neman inda zai danna, hannunsa yana rawa a kan linzami, yana tsoron kada ya taɓa wani abu komai ya goge. Minti goma daidai yake da tambayoyi 15. Mun ga yaran da suka haddace littafin bayoloji, suka yi ta kwana suna karatu da tocilan, suka dawo suna cewa lokaci ne ya ƙare musu. Mun ji labarin wanda ya miƙa jarrabawarsa tun bai gama ba, don bai san abin da madannin yake nufi ba.

Abin takaicin shi ne, abin da ake buƙata don kauce wa wannan bai taka kara ya karya ba. JAMB ta tsara yadda ɗalibi zai iya yin jarrabawar da 'yan madannai kaɗan ko bai taɓa linzami ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Yaro mai hankali zai iya wannan a yini guda. Sabo ne yake ɗaukar lokaci, wato ya zauna gaban na'ura hankalinsa kwance kamar yadda yake zama gaban littafi. Shi kuwa sabo ba a samunsa a daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yaya ake koyar da darasin kwamfuta a yawancin makarantunmu na karkara? Malam zai shigo da alli, ya rubuta ma'anar kwamfuta da Turanci, yara su kwafa, su haddace. Ya zana allon madannai da linzami, ya lissafa zamunan da kwamfuta ta ratsa tun daga ta farko. Ƙarshen zango a tambaya, yaro ya zubo abin da ya haddace, ya ci saba'in. Ka ba shi na'urar ka ce ya rubuta sunansa ya adana, sai ido ya raina fata. Ba ma ɗora wa malamai laifi, domin wanda aka ba shi alli kawai, da alli zai yi aiki. A 2018 duniya ta yi ta yaɗa hoton wani malami a Ghana, Richard Appiah Akoto, wanda ya zana fuskar manhajar Microsoft Word gaba ɗayanta a kan allo, saboda makarantarsa ba ta da kwamfuta, ga shi kuma ɗalibansa za su yi jarrabawa a kai. Mutane sun yaba masa, aka kai wa makarantar na'urori. Irin wannan malami muna da su a ƙasar Kontagora, ba a dai ɗauke su hoto ba ne. Amma duk ƙoƙarin malam, babu wanda ya taɓa koyon tuƙa babur da zane a ƙasa.

Wani zai ce ai yaran yanzu sun fi mu sanin waya, me za a koya musu? Gaskiya ne sun iya TikTok da WhatsApp, sun iya tura waƙa daga waya zuwa waya. Sai dai a gwada su da waɗannan: buɗe imel da riƙe kalmar sirrinsa, rubuta wasiƙar neman aiki mai shafi guda a tsara ta, cike fom a shafin makaranta tare da ɗora hoto daidai girman da aka nema, jera lissafin buhuna a tebur na'ura ta tara da kanta. A nan ne za a ga bambanci. Yawancin abin da suke yi da waya kallo ne da saurare, abin da wasu suka shirya musu. Muna so su kai matsayin da za su sa na'urar ta yi musu aiki.

A ganinmu abin da ya kamata ɗalibin sakandare ya fita da shi hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne aikin hannu: kunnawa da kashewa, buga rubutu da yatsu goma, adana fayil da sake gano shi, imel, tebur na lissafi, bincike a intanet. A nan har da rubuta Hausa daidai, da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin akwai su a allon madannai na waya da na kwamfuta ga wanda aka nuna masa. Yaron da ya iya bambance ƙafa da kafa a rubutu ya riga ya fi da yawanmu da muke rubutu a wannan dandali.

Hawa na biyu shi ne kare kai. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kasuwanninmu suka koma taransifa da POS, har dattijon da bai taɓa shiga banki ba yanzu yana sayar da masara a turo masa kuɗi. Tare da wannan sauƙi sai ga 'yan damfara: alat na bogi, kiran waya a ce daga banki ne a nemi lambar da aka turo maka, saƙon tallafin gwamnati da yake neman BVN ɗinka, guraben aikin ƙarya da ake biyan kuɗin fom. Kusan kowane gida yana da labarin wanda aka yi wa haka. Idan a kowane gida akwai yaro ɗaya da ya san cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ya kuma san a duba ragowar kuɗin asusu kafin a saki kaya, asarar da za a tare tana da yawa. A wannan hawa ne kuma za a koya musu tantance labari kafin su tura shi gaba. Mu da muke yankin da matsalar tsaro ta taɓa mun san abin da saƙon murya guda na ƙarya zai iya jawowa a dare ɗaya.

Hawa na uku shi ne ainihin kimiyyar kwamfuta, wato koyon warware matsala daki-daki ta yadda na'ura za ta iya bi. Kalmar da Turawa suke kiran wannan tsari da ita ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Saboda haka kada wani ya ce mana ilimin baƙo ne. Kuma ba sai da na'ura ake fara shi ba. Malamai a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand sun tsara darussan kimiyyar kwamfuta da ake yi da kati da alli da wasa a fili, kyauta ne ga duk mai so. Malam zai iya cewa ɗalibai su rubuta matakan raba taki ga manoma talatin gwargwadon faɗin gonakinsu, mataki bayan mataki, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, sannan wani ɗalibi ya bi matakan kamar shi ne na'urar, ba ya ƙari ba ya ragi. Inda ya tsaya cak, nan kuskuren yake, sai a koma a gyara. Wannan shi ne tushen rubuta manhaja. Daga nan sai a hau na'ura da Scratch, manhajar koyar da yara da aka ƙirƙira a MIT ta Amurka, wadda kyauta ce kuma tana aiki ko babu intanet.

Mu manoma ne, don haka dole a tambaya: me wannan zai ƙara wa noma? Sunan Kaboji ya shiga takardun manyan kamfanoni saboda babbar gonar da Flour Mills ya kafa a nan, mai faɗin kimanin hekta 10,000. Gona irin wannan ba tarakta kaɗai take buƙata ba. Tana buƙatar mai riƙe lissafin sito, mai shigar da awon kaya, mai tsara albashin ma'aikata, mai auna fili da na'ura. Duk waɗannan ayyukan kwamfuta ne, kuma duk mai ɗaukar ma'aikata wanda ya iya zai ɗauka, ko daga ina ya fito. Idan 'ya'yanmu ba su iya ba, rabonsu zai tsaya a aikin ƙarfi na yini. Ko a gonar gida ma, manomin da ɗansa zai rubuta masa abin da ya kashe a iri da taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, ya kwatanta da abin da ya girbe, ya san ko waken suya ne ya fi masa riba bana ko masara. Da yawanmu muna noma shekara da shekaru, ribar da faɗuwar duk a ƙiyasi suke.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafa ta ba, wato dogaro da masu shagon intanet. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Duba sakamako, karɓar gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, neman lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, rajistar bautar ƙasa, neman aikin soja ko ɗan sanda, duk ta intanet ne. Yaron da bai iya ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Kontagora, ya miƙa takardunsa ga wani, ya tsaya a baya yana kallo. Akwai masu amana a cikinsu, Allah Ya saka musu. Amma a cikin cunkoso ana juya suna, ana kuskure ranar haihuwa, ana buɗe wa yaro imel da kalmar sirrin da shi kansa bai sani ba. Bayan shekara huɗu, lokacin tafiya bautar ƙasa, sai kuskuren ya taso, a shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da gyaran takardu. Da yaron ya iya karanta abin da ake shigarwa da sunansa, da an tare shi tun a ranar.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Wasu iyaye suna tsoron lalacewar tarbiyya. Suna ganin abin da waya ta yi wa wasu yara, suna jin labarin samarin da suka koma damfara ta intanet. Tsoronsu yana kan hanya. Sai dai mu duba: wayar ta riga ta shigo gidajenmu, yaran suna amfani da ita a ɗaki cikin dare babu mai kallo. Ajin kwamfuta a makaranta, da rana, gaban malami, da manhajojin da aka zaɓa, shi ne kusan wuri ɗaya tilo da babba zai zauna da su ya nuna musu halal da haram na wannan fage. Hana su ajin ba zai raba su da wayar ba.

Wasu kuma suna cewa makarantar da rufinta yake yoyo, yara suna zaune a ƙasa, babu isassun malaman lissafi da Turanci, ina ita ina kwamfuta? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma mun yarda cewa yaron da bai iya karatu ba, na'ura ba za ta yi masa komai ba. Amma mai shirya jarrabawa bai ce zai jira mu gyara rufi ba. Ɗalibin da yake aji shida yanzu, bana zai zauna gaban na'urar. Dole a ɗauki biyun tare, a ci gaba da neman gyaran azuzuwa da ƙarin malamai a wajen hukuma, a kuma yi abin da za a iya na kwamfuta.

Sai maganar wuta. Jiharmu ce take da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, har ake mata kirari da jihar lantarki, amma kowa ya san yadda wuta take a garuruwanmu. Saboda haka duk shirin da aka gina a kan wutar gwamnati ko janareta mai shan fetur zai mutu a zango na farko. Mafita ita ce laftof da sola. Laftof tana cin wuta kimanin wat 60, goma ke nan wat 600, abin da 'yan fanel kaɗan za su ɗauka da rana, ga kuma batirin da yake jikin kowace. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita.

Ga lissafin da muke so kowa ya duba. A ce mun samu laftof goma, ko na hannu ne masu lafiya. Yara biyu a kan kowace, ashirin ke nan a zama ɗaya. Zama biyu a yini, awa ɗaya-ɗaya, kwana biyar a mako, ya ba yara 200 damar awa guda kowane mako. A zango mai mako 12, awa 12 ke nan. A shekara uku na babbar sakandare ya haura awa 100. Yaron da ya yi awa ɗari a gaban na'ura ba zai ji tsoronta ranar jarrabawa ba. Laftof goma kuwa ba ta fi ƙarfin garin da yake da ma'aikata da 'yan kasuwa a Minna da Abuja da Kaduna da Legas ba. Wasunmu ma akwai tsohuwa a ajiye a gida, batiri kawai take nema.

Sai dai sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. An sha ganin inda aka kai kwamfutoci makaranta, aka yi biki aka ɗauki hoto, aka kulle ɗakin don gudun kada yara su lalata, ƙura da ɓera suka gama da su. Don kada mu faɗa wannan rami, ga abubuwan da muke ganin sai an tanada tun kafin a sayi ko ɗaya.

Na farko, malami. Muna da 'ya'yanmu da suka yi karatun kwamfuta a tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da ta Lapai, wasunsu suna zaune babu aiki. A ɗauki ɗaya ko biyu, a yanka musu alawus na wata-wata da za a iya ɗorewa a kai. Masu bautar ƙasa za su taimaka, amma shekara guda suke yi su tafi, don haka a sa su horar da malaman da suke zaune da mu.

Na biyu, ɗaki mai ƙofar ƙarfe da tagogi masu kariya, da littafin da za a rubuta lambar kowace na'ura da wanda ya karɓi makulli.

Na uku, asusun gyara. Caja za ta ƙone, allo zai fashe. Idan babu kuɗin gyara a ajiye, goma za ta koma bakwai, bakwai ta koma uku. A kuma koya wa manyan ɗalibai ƙananan gyare-gyare, tunda ita kanta sana'a ce da take cikin manhajar karatu.

Na huɗu, lokaci. A zauna da shugabannin makarantu da malaman Islamiyya a tsara jadawalin da ba zai ci karo da karatun yamma ba. Alhamis da Juma'a da ake hutun Islamiyya suna da amfani a nan. A kuma yi la'akari da damina, lokacin da yara suke gona, a ƙara yawan zama da rani, musamman watannin da suke gab da JAMB.

Na biyar, 'yan mata. Idan aka bar abin a buɗe kawai, maza za su mamaye kujerun, matan su tsaya a baya. A ware musu ranakunsu, da rana, in da hali da malama mace. Yarinyar da muke fatan ta dawo mana ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a asibitinmu, ita ma ta wannan ƙofar za ta bi.

Na shida, a cika na'urorin da kayan karatu da ba sa buƙatar data: manhajar koyon buga rubutu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, Scratch, da Kiwix wadda take ba da damar karanta Wikipedia babu intanet. Wannan zai rage kuɗi, ya kuma kwantar da hankalin iyaye.

Bayan mun fara da namu, sai mu ƙwanƙwasa ƙofofi. Hukumar NITDA tana da shirye-shiryen kafa cibiyoyin fasaha a makarantu da garuruwa. Asusun USPF da yake ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC an kafa shi ne don kai irin waɗannan kayan yankunan da aka bari a baya. Akwai shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, wanda 'ya'yanmu da suka gama sakandare za su iya nema. Akwai ma'aikatar ilimi ta jiha, da ƙaramar hukuma, da 'yan majalisarmu, da kamfanonin da suke aiki a ƙasarmu. Takardar da ta zo da hoton ɗaki a shirye, da sunan malami, da jadawali, da jerin ɗalibai, ta fi saurin samun amsa a kan wadda ta zo da roƙo kawai.

Muna kira ga shugabannin ƙungiya su sanya wannan magana a ajandar taro mai zuwa, a kafa ƙaramin kwamiti da zai ƙunshi malaman makaranta, wakilin iyaye, wakiliyar mata da wanda ya san aikin sola, a ba su wa'adi su kawo lissafin kuɗi a rubuce. Mai laftof da ba ya amfani da ita ya sanar. Mai ilimin da zai iya ba da Asabar ɗaya a wata ya sanar. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya tambayi ɗansa ko ƙaninsa yau da daddare: ka taɓa rubuta sunanka a kwamfuta? Amsar da zai ji ita za ta gaya masa ko maganar nan ta shafe shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya zaunar da Kaboji da ƙasar Kontagora da Jihar Neja lafiya. Amin.